Bindigar da ake ta roƙon a dawo da ita

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci na biya gidan kawuna a Gangare, sanyin nan na Jos ya fara shigowa sosai, na same shi a zaure ya lulluɓe da bargo yana jin rediyo. Kawu tsohon maharbi ne, ya yi farauta tun daga dazukan Toro har can wajen Lame lokacin da daji yake daji, yanzu kam ƙafa ta ƙi ido ma ya rage. Muna cikin hira na ciro waya na nuna masa hoton wata bindiga da ta kwana biyu tana min yawo a kai, 'yar gajeruwa mai kyan katako, ba wani tarkace a jikinta. Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido yace "kai yaro, wannan ta sojoji ce ko ta maharba?" Nace ta maharba ce Kawu, a Amurka aka yi ta tun 1961, kuma harsashin libarba take ci, 'yar bindigar hannun nan da gidan harsashinta yake juyawa. Sai ya ɗago ya dube ni yace doguwar bindiga da harsashin libarba, to don me?

Wannan "don me" ɗin ne ya sa na zauna rubutun nan. Ni sana'ata ƙarfe ce, ina da shagon walda da injin gyaran ƙarfe a Dilimi, ban mallaki bindiga ba kuma ba na neman mallaka, amma duk abin da yake da sifirin da fistin da haƙoran giya ina son in gane yadda yake aiki, tun ina yaro haka nake. Kuma maganar wannan bindigar ta haɗa abu biyu da na sani a sana'ata, wato taurin kan ƙarfe da kuma halin kwastoma.

A Amurka akwai mutane da suka daɗe suna kiran kamfanoni su ƙera musu doguwar bindiga mai ɗura kanta wacce za ta ci harsashin libarba, musamman iri biyu masu ƙarfi da ake kira .357 Magnum da .44 Magnum. Mai ɗura kanta ba irin wacce ake danne kunama tana ɓarin wuta ba ce fa, a'a, duk jan kunama ɗaya harbi ɗaya ne, sai dai ita da kanta take tofar da kwanson da aka harba ta ɗauko sabo ta saka, ba sai ka sa hannu ka ja komai ba. Masu wannan kira suna cewa ai abu ne mai sauƙi, akwai harsashin a kowane shago, akwai masu libarba bila adadin, me ya hana? Shekara da shekaru ana wannan maganar amma yawancin kamfanonin sun yi kunnen uwar shegu.

Asalin tunanin tsoho ne sosai. A 1873 kamfanin Winchester ya fito da bindigarsa mai liba, wato wacce ake jan wani mariƙi a ƙasan kunama da hannu a ɗura sabon harsashi, da harsashin da ake kira .44-40, bayan 'yan shekaru Colt suka yi libarba mai cin wannan harsashin dai. Shikenan makiyayi ko matafiyi a can yammacin Amurka sai ya sayi harsashi iri ɗaya, ya zuba a jaka ɗaya, na ƙugu da na kafaɗa duk su ci daga nan. Duk wanda ya taɓa yin tafiya mai nisa da mota biyu masu taya daban daban ya san daɗin a ce sifiya ɗaya ta shiga kowacce. Sannan akwai riba ta biyu wacce ita ce ta fi burge ni. Harsashin magnum albarushinsa yana da yawa kuma a hankali yake ci, a gajeren bakin libarba kafin ya gama ƙonewa harsashin ya riga ya fita, sauran ya tafi a ƙara da walƙiya a banza. Amma ka sa shi a baki mai tsawon inci 16 ko 18 sai albarushin ya samu filin da zai gama turawa. .357 Magnum wanda aka fito da shi a 1935, a libarba yana gudun wajen ƙafa 1,200 zuwa 1,400 a sakan, a doguwar bindiga kuwa yana kaiwa wajen 1,700 zuwa 1,800, harsashi ɗaya ne ba a ƙara masa komai ba. Haka ma .44 Magnum da ya biyo baya wajen 1955. Ga shi duka a kafaɗa ba shi da yawa, ga sauƙin saiti fiye da ƙaramar bindiga, a tazarar mita 100 ko ƙasa da haka yana kayar da barewa ko aladen daji.

To wacce na nuna wa Kawu ita ce ta kamfanin Ruger, sun fara kiranta Deerstalker sai kamfanin Ithaca suka ce sunan ya yi kama da na tasu mai suna Deerslayer, aka cire sunan ta koma Model 44 kawai. Harsashi 4 take ɗauka a wani bututu a ƙarƙashin baki, iskar albarushi ce ke tura fistin ta ɗura kanta. An yi ta daga 1961 har 1985 aka daina saboda tsadar ƙira. Mutane suka yi ta kuka, wai a dawo da ita, a dawo da ita. A shekarar 2000 Ruger suka ji kukan suka fito da wata sabuwa mai suna Deerfield, ita ma .44 Magnum, ita ma harsashi 4 amma a magazin, wato gidan harsashi, mai juyawa. Shekara shida kacal ta yi, a 2006 aka rufe babinta. Kuma duk biyun ba a taɓa fitar da su a .357 ba, wanda shi ne ma aka fi roƙo yanzu. Wani abin da mutane da yawa basu sani ba, 'yar ƙaramar bindigar nan mai suna 10/22 da Ruger suka fitar a 1964 wacce aka sayar da miliyoyi, a kan surar wancan ta .44 ɗin aka tsara ta. Ƙanwar ta cika duniya, yayar kuwa sai a hannun masu sayar da tsofaffi.

Yanzu ga inda ƙarfe yake nuna taurin kai. In ka ɗauki harsashin libarba ka duba gindinsa za ka ga yana da leɓe da ya fi jikin kwanson faɗi, kamar bakin kwanon sha. Wannan leɓen shi ne amfaninsa a libarba, shi yake tokarewa ya hana harsashi zurmawa cikin rami, kuma shi ake kamawa a turo kwanso waje. Amma harsashin bindiga mai ɗura kanta kamar 9mm ba shi da wannan leɓen, tsagi ne kawai aka yi masa a gindi, jikinsa sumul, shi ya sa in ka jera su a magazin ɗaya kan ɗaya suke kwanciya lafiya kamar sandunan rake. Ka jera masu leɓe kuwa, na farko dai ba za su kwanta daidai ba, gindi ya fi kai kauri don haka jerin sai ya fara lanƙwasa. Na biyu kuma wanda ya fi muni, in leɓen na sama ya faɗa bayan leɓen na ƙasa to sun sarƙe, sakata, wato ƙarfen da yake tura harsashi cikin baki, za ta zo ta tura na sama ya ƙi tafiya don na ƙasa ya riƙe shi. Na gwada wa yaran shagona da kusoshi masu kai, nace ku jera su a cikin kwali ku tura na sama da yatsa, nan take suka gane, wani ya wuce wani ya maƙale, ya danganta da yadda kawunan suka hau juna.

Sai dai gaskiya ba na yarda da masu cewa leɓe ne kaɗai ya kashe maganar, domin an sha maganinsa. Tsohuwar Mak 4 da 'yan sandanmu suke riƙewa da, harsashinta .303 mai leɓe ne kuma 10 take ɗauka a magazin. Rashawa suna da Dragunov tun 1963, mai ɗura kanta ce, tana cin harsashi mai leɓe da aka ƙirƙira tun 1891 kuma har yau ana aiki da ita. Ita kanta 10/22 harsashinta mai leɓe ne, dabarar da Ruger suka yi ita ce magazin mai juyawa, ciki akwai abu kamar ƙaramin giya, kowane harsashi da ɗakinsa ba mai taɓa wani, wallahi ranar da na fara ganin cikinsa a bidiyo sai da na maimaita sau uku don daɗi. Akwai kuma Desert Eagle, ƙatuwar fistol mai aiki da iskar albarushi, tana cin .357 da .44 Magnum daga magazin na yau da kullum. Kenan ana iyawa. Abin da yake akwai shi ne kowace dabara kuɗi ce, kuma magazin mai juyawa in harsashin ya kai kaurin .44 sai ya zama 4 kawai zai shiga kafin cikin bindigar ya kumbura.

Matsalar da ta fi leɓe a wajena ita ce harsashin libarba ba shi da hali ɗaya. Libarba ba ruwanta, hannunka ne ke juya ta, ka zuba mata mai ƙarfi ta harba, ka zuba mai rauni ta harba, mai kai a miƙe ko mai tsini ko dalma zalla duk ɗaya ne a wajenta. Shi ya sa mai libarbar .357 yake iya zuba .38 Special, wanda ya fi gajarta da wajen milimita 3 kuma matsin iskarsa kusan rabi ne, ya yi atisaye da arha. Mai ɗura kanta kuwa kamar injin janareta ce da aka saita kafireto a kan mai iri ɗaya. Ana ɗibar iska ta wata 'yar huda a jikin baki ta tura fistin, in iskar ta yi kaɗan sakata ba za ta koma baya sosai ba kwanso ya maƙale, in ta yi yawa tana dukan kanta har wani abu ya tsage. Ka saita ta a kan magnum to mai rauni ba zai motsa ta ba. Sannan harsashin dalma zalla wanda masu libarba suke so saboda arha, yana barin dalma da maiƙo a wannan hudar har ta toshe kamar yadda datti ke toshe jet, shi ya sa masu irin wannan bindigar suke tsayawa a kan harsashi mai rigar jan ƙarfe. To kun ga ribar nan ta jaka ɗaya harsashi ɗaya da aka faro da ita, rabinta ya zube a nan, domin sai ka zaɓi abin da doguwar za ta yarda ta ci.

Ita kuwa mai liba duk wannan bai dame ta ba, tunda hannu ne injinta. Marlin 1894, Henry Big Boy, Rossi R92 ta Burazil wacce aka kwaikwayo daga Winchester 1892 ta John Browning, duk suna cin .357 da .38 ko .44, bututunsu na ɗaukar wajen 10, wanda ya saba kuma yana harbi da sauri sosai. Ku lura da abin da Ruger da kansu suka yi, a 2020 da kamfanin Remington ya karye sun sayi Marlin da yake ƙarƙashinsa a kan kusan dala miliyan 30, daga 2023 suka dawo da Marlin 1894 ɗin kasuwa a .44 da .357. Kamfanin da ya fi kowa sanin yadda ake yin mai ɗura kanta a harsashin libarba, da ya tashi zuba kuɗi sai ya zuba a mai liba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda suka ga masu saye.

Ta ɗaya gefen kuma 9mm ta cinye kasuwar masu son harbin nishaɗi. Harsashinta ya fi arha, ba leɓe, ƙarfinsa daidai ne yadda sakata mai nauyi da sifirin kawai sun isa, ba sai an yi fistin da makulli ba, Ruger ɗin dai sun fitar da PC Carbine a 2017 har tana karɓar magazin ɗin fistol ɗin Glock. Saura maharba. Akwai jihohi irin Ohio da Michigan da Iowa, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ga gonaki ga gidaje kusa kusa, da can sun hana farautar barewa da manyan bindigogi masu cin nisa, a duk jihar ko a wani yankinta, daga baya suka yarda da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso wanda ba ya nisa sosai, Ohio ta fara a 2014. Da na karanta wannan nace to ga dama ta samu, ai .357 da .44 miƙaƙƙu ne. Ina! A 2019 Winchester suka fito da .350 Legend, miƙaƙƙe marar leɓe, wanda yake shiga AR-15, doguwar bindiga mai ɗura kanta da take gidan miliyoyin mutane. Maimakon a ƙera sabuwar bindiga saboda tsohon harsashi sai aka ƙera sabon harsashi saboda bindigar da take hannu. A waje kuma kasuwar a rufe take, Ingila ta haramta irin wannan masu ɗura kansu in ban da masu cin ƙaramin harsashin .22 tun 1988 bayan wani ɗan bindiga ya kashe mutane da yawa a garin Hungerford, Ostareliya ta tsaurara nata a 1996, shi ya sa masu harbin gasa a Ingila mai liba suke riƙewa.

Wannan hali na kwastoma na san shi a jikina. Shekarun baya mata masu ƙuli da masu sayar da gyaɗa suka yi ta zuwa shago, Oga da za ka haɗa ƙaramin injin ɓare gyaɗa wanda ba ya shan mai da yawa da mun saya, wannan ta faɗa waccan ta faɗa, sun fi goma. Na zauna na zana, na sayi ƙarfe, na ɓata wajen wata biyu ina gyara tazarar haƙora don kada ya farfasa ƙwaya, na haɗa guda biyar. Da aka zo maganar kuɗi biyu ne suka saya. Sauran ba ƙarya suka yi ba, da gaske suna so, amma da suka auna kuɗin da abin da suke biya a injin unguwa sai suka ga gara su ci gaba da kaiwa can. Ukun nan sun fi shekara a bayan shago. Ina ganin haka Deerfield ta zama wa Ruger, masu kira da yawa, da aka kawo sai kowa ya tuna yana da mai liba a gida ko kuma kuɗin ya fi abin da ya zata. Yau kuma da aka daina yi tsofaffin sun yi tsada a hannun masu tarawa, sai a ɗauka buƙata ce mai yawa alhali kayan ne suka yi ƙaranci.

Mu nan Najeriya maganar saye ma bata taso ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol a jerin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa, bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu sai da izinin Sufeto Janar, ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki kuma a hannun kwamishinan 'yan sanda take, sannan a 2023 rundunar ta sanar ta dakatar da bada sabon lasisi. Kuma ni ɗan Jos ne, ina nan a 2001, ina nan a 2008 da 2010, ba zan taɓa rubutu a kan bindiga kamar ina rubutu a kan babur ba. A rikicin 2008 harsashi ya huda kwanon ɗakin mahaifiyata ya faɗo kusa da randa, ba mu san daga ina ya taso ba, wanda ya harba ma bai san inda ya sauka ba, har ta rasu bata ƙara kwana a ɗakin nan da daɗi ba. Ba na fatan a ƙara ko bindiga ɗaya a garin nan.

Amma kuma wannan abin da ya faru da mu shi ne ya sa nake ganin mutuncin tunanin da ke bayan waccan 'yar bindigar. Harsashin bindigar yaƙi in ya kuskure yana tafiya kilomitoci. Na libarba shi ma yana kisa kuma in aka harba sama yana nisa, kada wani ya ɗauka wasa ne, sai dai mai nauyi ne mai faɗin kai, yana saurin rasa gudu ya faɗi. Bindiga ce da aka yi wa mutumin da zai laɓaɓa ya matso kusa da nama a cikin kurmi, ya harbi ɗaya, in ya ji wa dabba rauni ya samu na biyu nan take don kada ta tafi ta mutu a wahala. Harsashi 4 ne ba 30 ba. Su Kawu da adakarsu haka suke farauta, sai sun ga idon gada kafin su ja kunama domin ɗuri ɗaya ne, in ka kuskure kafin ka sake zuba albarushi ka danna da sanda ta kai wani daji. A ganina masu roƙon a dawo da ita suna da gaskiya a kan amfaninta, lissafin yawansu ne kawai basu yi daidai ba, kuma in wani kamfani zai sake gwadawa to .357 ya kamata ya nufa tunda sirantarsa za ta bari magazin ya ɗauki fiye da 4.

Duk wannan ban iya faɗa wa Kawu shi a zaure ba, na dai gaya masa maganar jaka ɗaya da maganar leɓe. Maganar leɓen ce ta kama shi, yace ai harsashin mai baki biyu ma yana da shi, nace ƙwarai Kawu. Ya sa na ƙara girman hoton wajen gindin bindigar yana shafa gilashin waya da babban yatsa, yana tambaya wane itace ne wannan, domin tasa shi ya sassaƙa mata gindi da hannunsa bayan na asalin ya tsage a wata farauta. Nace masa wani itace ne na can ƙasarsu da ake kira walnot. Yace in na dawo Juma'a mai zuwa in zo masa da bidiyon magazin ɗin nan mai juyawa yana so ya ga yadda kowane harsashi yake da ɗakinsa, kuma in taho masa da batirin rediyo guda huɗu.